Yalo ya yi mini yawa a lambun gida, yaya zan yi da shi?

Uwargida, Kinkinau:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lambu da ta girki. Da damina na shuka yalo a bayan gida, farin yalo namu na gida da kuma babban nan mai ruwan shunayya da wasu ke kira baƙin yalo, sai gauta kaɗan a gindin katanga. Yanzu da Oktoba ta shigo duk sun zubo lokaci guda. An raba wa maƙwabta har sun ce a bari haka. Wanda na sa a firij, kafin mako ya zagayo fatarsa ta yi ramuka, cikinsa ya yi baƙi. Wanda na bari a kicin kuma ya yamutse cikin kwana uku. Wuta ba ta tsayawa balle in dogara da firiza ɗari bisa ɗari. Don Allah wace hanya ce ta fi, kuma me ake girkawa da shi ban da miyar yalo da doya?

Mai Lambu, Rafin Guza:

Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da kika gani a firij ba ruɓewa ba ce, sanyi ne ya ƙona shi. Yalo ɗan ƙasar zafi ne, ba ya jure sanyin da ya gaza digiri 10. Inda ya fi daɗewa shi ne tsakanin digiri 10 zuwa 12 da iska mai laima sosai, a nan ma mako biyu ne iyakarsa. Firij ɗin gida yana kan digiri 4 ko 5 ne, shi ya sa bayan kwana shida zuwa takwas fatar take yin ramuka, 'ya'yan ciki su yi baƙi, tsokar ta yi ruwan ƙasa. Sau da yawa ma ba za ki ga illar ba sai kin fito da shi ya sha iska. In dole sai firij, ki naɗe kowanne da takarda, ki sa a ledar da aka huda, ki ajiye a aljihun ƙasa na kayan lambu, kuma ki girka shi kafin kwana huɗu.

Amma tun daga tsinka ake samun matsala ko a kauce mata. Kada ki jira ya gama girma. Alamar ya isa tsinka ita ce fata tana sheƙi, in kika danna da babban yatsa wurin ya lotsa kaɗan ya dawo. In sheƙin ya dushe, ko farin ya fara komawa rawaya ko ja, ko mai shunayyar ya fara ruwan tagulla, to ya tsufa: 'ya'yansa sun yi tauri, ɗaci ya ƙaru, kuma ba zai ajiyu ba. Ki riƙa zagayawa sau biyu a mako, da sassafe kafin rana ta gasa shi. Kada a fizge da hannu. A yanke da wuƙa ko almakashi, a bar koriyar hular nan da kara kamar santimita 2. Ta wurin hular yalo yake asarar mafi yawan ruwansa, in aka ɓantare ta gaba ɗaya kuwa an buɗe wa ruɓewa ƙofa.

Bayan tsinka ki ware kashi uku. Mai ƙaramin rami a jiki tsutsa ce a ciki, a yanka yau, a cire ɓarin, a girka sauran. Mai ƙujewa ko tabo shi ma na yau da gobe ne. Lafiyayye kawai ake ajiyewa. Kada a wanke shi sai za a girka, a goge ƙasar da busasshen ƙyalle ya wadatar. Kada a tsibe shi a buhu, nauyi yana murƙushe na ƙasa. A shimfiɗa a kwando, jeri ɗaya ko biyu, a wuri mai inuwa da iska. Sannan ki raba shi da ayaba, tumatir, gwanda da mangwaro, domin in suna nuna suna fitar da wata iska da ke tsufar da yalo, har hular ta bushe ta faɗi.

Ga wanda ba shi da tsayayyiyar wuta akwai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa a ƙauyuka har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. A bayanin aikin nasa an ruwaito yalo ya kai kwana 27 maimakon kwana 3. Ana samun tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, babba da ƙarama, da tazarar santimita 3 zuwa 5 tsakaninsu. A zuba yashi a gindin babbar har bakinsu ya daidaita, a cika tazarar da yashin rafi, a jiƙa shi sharkaf, a rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma ko buhun algarara. A ɗora kan duwatsu uku a inuwa inda iska ke ratsawa, a ƙara ruwa safe da yamma. Ruwan da ke tsatsafowa yana bushewa shi ke janye zafin.

Mai Girki, Unguwar Rimi:

'Yar'uwa, ni shawarata ki daina tunanin ajiye shi ɗanye. Yalo in ya yi yawa girka shi ake yi sannan a adana. Ɗanyen yalo in ya shiga firiza ruwansa ya daskare, ranar da kika narkar da shi za ki tarar da abu lagwaf, baƙi, mai ɗaci. Dafaffe ko gasasshe kuwa ba ruwansa.

Farin yalo, ki yi masa tushen miya mai yawa lokaci guda. Ga kilo 2 na yalo: albasa manya 3, tattasai 6, attarugu 6 zuwa 8 gwargwadon bakin gidanki, tumatir 6, manja kofi ɗaya, daddawa ƙwaya 3, tafarnuwa da ɗanyar citta kaɗan. Ki cire hular, ki tsaga kowanne biyu don ki duba tsutsa, ki jefa a tafasasshen ruwan gishiri minti 10 zuwa 15, har cokali mai yatsu ya shige ba gardama. Ki tsame, ki sa a ruwan sanyi, fatar za ta saɓule da yatsa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a wuce kai tsaye zuwa daka. A'a, ki bar shi a kwando ya tsane minti 20, har ki ɗan danna da bayan ludayi. Ruwan nan da ke fita shi ke ɗauke da ɗaci, shi ne kuma ke sa miya ta tsinke ta ƙi soyuwa. Sannan ki daddaka a turmi sama-sama. Kada ki kai inji, in ya yi sumul miyar tana zama kamar kunu.

Ki narkar da manja, kada ki bari ya yi hayaƙi, ki soya albasa, ki zuba jajjagen ki soya har ruwansa ya ƙone, kamar minti 15. Sai daddawa da yalon, ki rage wuta, ki riƙa juyawa don yana kama gindin tukunya da wuri. In mai ya taso sama ya rabu da miyar, ta yi. Wadda za ki adana kada ki sa mata kifi ko nama, ranar ci sai ki sa banda ko kifin gwangwani. Ki juye a faranti mai faɗi ta huce da sauri, kada ta wuce awa biyu a waje, ki raba a leda gwargwadon girki ɗaya ɗaya, ki matse iskar, ki baje ledar ta yi fale-fale. Mai faɗi ta fi saurin daskarewa da saurin narkewa. A firij kwana 3 zuwa 4, a firiza wata uku tana nan da ɗanɗanonta.

Batun wuta: firiza cikakkiya in ba a buɗe ta ba tana riƙe sanyi wajen awa 48, mai rabi kuwa awa 24. Don haka ki cike gurbin da robobin ruwa su daskare. In leda ta fara narkewa amma akwai ƙanƙara a cikinta, za ta iya komawa. In ta narke sarai ta yi ɗumi na sa'o'i, zubarwa ake yi, kada a ce za a sake tafasawa a rufe ido.

Babban mai shunayya kuma gashi ya fi karɓarsa. Ki hura gawayi a kurfoti ya zama garwashi, ki soke kowanne da cokali mai yatsu wuri biyar ko shida, in ba haka ba tururi zai taru ya fashe miki. Ki ɗora kai tsaye kan waya, kina juyawa, minti 15 zuwa 25 gwargwadon girmansa, har fatar ta ƙone ƙurmus shi kuma ya saki jiki gaba ɗaya. In tsakiyarsa da saura tauri bai yi ba, kuma rabin-gasasshen yalo yana ƙaiƙayin harshe. Ki rufe a kwano minti 10, ki ɓare, kada ki wanke da ruwa don ƙamshin hayaƙin zai tafi. Ki tsane a kwando rabin awa, ki sa ruwan lemun tsami babban cokali ɗaya ga kowane kofi biyu don kada ya yi baƙi, sai leda da firiza. Ranar ci ki haɗa da tunkuza ko niƙaƙƙen riɗi, tafarnuwa, gishiri da lemun tsami, a ci da gurasa ko burodi. Mutanen Labanan da Siriya da riɗi suke yin nasu. Ko ki soya shi da albasa da attarugu ki fasa ƙwai uku a kai.

In suya za ki yi, ki sani cikin yalo tamkar soso yake, duk man da kika zuba sai ya shanye. Maganinsa gishiri: ki yanka kaurin santimita ɗaya, ki barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri ga rabin kilo, ki bari minti 30 zuwa awa ɗaya ya yi gumi, ki ɗauraye, ki matse da ƙyalle ya bushe. Man ya yi zafi sosai kafin ki sa, kuma kada ki cika kaskon. Ki yi amfani da wuƙar da ba ta tsatsa, baƙar wuƙar maƙera tana baƙanta shi nan take.

Gautan kuwa ai fate ne gidansa, na tsaki ko na acha irin na mutanen Kudancin Kaduna. Ga tsaki kofi biyu, gauta 8 zuwa 10 ya isa. Ana sa shi tun farko tare da kayan miya da dakakkiyar gyaɗa don ya samu lokacin laushi, a farfasa shi da ludayi, sannan tsaki ya shiga, yakuwa da alayyahu a ƙarshe. Ƙananan matasa masu sheƙi kuma a bar wa masu ci ɗanye da yajin ƙuli-ƙuli.

Malamin Gona, Mando:

Bayanin Mai Lambu daidai ne, amma a ƙara sharaɗi ɗaya kan tukunya cikin tukunya, don kada Hajiya ta kashe kuɗi ta ce ba ta aiki. Dabarar tana dogara ne da busasshiyar iska. A Jigawa da rani tana yin abin mamaki. A Kaduna cikin Agusta da Satumba, har farkon Oktoba, iska cike take da laima, ruwan yashin ba ya bushewa da sauri, sanyin da za a samu kaɗan ne, ga fumfuna. Daga Nuwamba in hunturu ya shigo har zuwa Maris, lokacinta ke nan. Kuma kwana 27 ɗin kada a ɗauke shi alkawari, ki riƙa dubawa kullum kina cire wanda ya fara laushi.

Wannan sharaɗin ya shafi shanya ma, wadda a ganina ita ce hanyar da ta fi dacewa da gidan da wuta ba ta tsayawa. Yadda muke kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa haka yalo yake bushewa. Sai dai fiye da kashi 90 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, kilo 10 ɗanye da ƙyar ya ba ki kilo ɗaya busasshe. In rana ba ta da ƙarfi ya kwana biyu da danshi, fumfuna ta riga ki. To abin da kika tsinka yanzu ki bi hanyar Mai Girki. Wanda zai zubo bayan ruwa ya ɗauke sarai, shi za ki shanya. Yalo in ana ba shi ruwa ana tsinka a kai a kai yana ci gaba da 'ya'ya har cikin hunturu.

Ga yadda ake yi. A zaɓi matashi wanda 'ya'yansa ba su yi tauri ba. A yanka fale-fale, kaurin rabin santimita, duk kauri ɗaya don su bushe tare. A tafasa ruwa lita 4 da rabin kofi na ruwan lemun tsami, a zuba yankakken yalon kaɗan kaɗan, kamar rabin kilo a lokaci guda don kada tafasar ta mutu, a ba shi minti 3 zuwa 4, a tsame a jefa a ruwan sanyi, a tsane. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, shi ya sa nasu yake fitowa baƙi ƙirin da tauri, kuma ɗacinsa ya ƙaru a ajiya. Akwai sinadari a cikin tsokar da ke baƙanta ta da zarar ta haɗu da iska, zafin ruwan ke kashe shi, tsamin kuma yana taimakawa.

A shimfiɗa kan raga ko faifai, kada wani ya hau kan wani, a ɗaga daga ƙasa don iska ta bi ta ƙarƙashi. Kada a shanya kai tsaye kan kwanon rufi ko siminti. A rufe da gidan sauro ko yadi shara-shara saboda ƙuda da ƙurar hunturu. A juya da tsakar rana, a shigar ɗaki kafin magariba saboda raɓa. Da hunturu kwana 2 zuwa 4 ya isa. Ya bushe in kika lanƙwasa ya karye, ko aƙalla kika tsaga ba ki ga danshi a tsakiya ba. Kafin ki rufe na dindindin, ki zuba a kwalba ki cika kashi biyu cikin uku, ki riƙa girgizawa kullum har mako guda. In kika ga gumi a jikin kwalbar, ya koma rana. In kika ga fumfuna, wannan kwalbar ta tafi. Wanda ya tsira a rufe shi ruf a wuri mai duhu da sanyi, zai kai wata shida ko fiye, amma a yi ƙoƙari a cinye kafin damina ta dawo, don busasshen abu yana jan laima. Ranar amfani a jiƙa a ruwan zafi minti 20 zuwa 30, a matse, a sa a miya ko fate. Ana kuma daka shi ya zama gari a riƙa kaurara miya da cokali biyu ko uku.

Uwargida, Kinkinau:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru sosai. Tambaya ɗaya ta rage. Akwai yadda ake dafa markaɗen tumatir a ɗura a kwalba, a zuba mai a sama, a tafasa kwalbar a ajiye a ɗaki wata da watanni. Zan iya yi wa gasasshen yalon haka, in huta da batun firiza?

Malamin Gona, Mando:

A'a Hajiya, wannan kam kada ki yi. Abin da ke kare tumatir tsaminsa ne, shi ma masana suna cewa a ƙara masa lemun tsami kafin a rufe. Yalo ba shi da wannan tsami. Akwai ƙwayar cuta a cikin ƙasa da ke tsira daga tafasar ruwa ta digiri 100, sai zafin da ya kai wajen digiri 120 a tukunyar matsi ta musamman yake kashe ta. Inda take bunƙasa shi ne wurin da babu iska, babu tsami, ga danshi, ga ɗumi, wato daidai cikin kwalbar yalon da aka rufe da mai aka ajiye a ɗaki. Gubar da take fitarwa tana shanye jijiyoyi har numfashi ya gagara, kuma abincin na iya zama ba wari ba canjin launi. Sa tafarnuwa a ciki ƙara haɗarin yake yi. Duk yalon da aka haɗa da mai, firij ne wurinsa, kuma a cinye cikin kwana huɗu.

Mai Girki, Unguwar Rimi:

In kwalba kike so, ki bi ta ruwan khal, wato binega. Ki duba jikin robar ki tabbatar an rubuta ƙarfin tsaminsa kashi 5 cikin ɗari. Kofi biyu na khal, kofi biyu na ruwa, gishiri babban cokali biyu, sukari cokali ɗaya in kina so. Kada ki rage khal ɗin don gudun tsami, shi ne mai gadin. Ki tafasa a tukunyar da ba ta alminiyam ba, ki zuba yalo rabin kilo da kika yanka tsaye-tsaye kamar yatsa, minti 2 zuwa 3 kawai don kada ya narke. Ki ɗura a wankakkiyar kwalbar da aka ɗauraye da tafasasshen ruwa, da attarugu ɗaya da aka tsaga da masoro kaɗan, ruwan ya rufe shi gaba ɗaya. In ta huce sai firij. Bayan kwana biyu ya shiga, yana kai mako uku zuwa huɗu, kuma shi ɗauke wuta na 'yan sa'o'i ba ya ɓata shi. Da cokali mai tsabta ake ɗiba. Ya fi daɗi a gefen shinkafa da wake ko dafa-duka.

Mai Lambu, Rafin Guza:

Na yarda da gyaran Malam kan laima. Abu biyu kafin in manta. In kin yi feshin maganin ƙwari, ki duba kwanakin jira da aka rubuta a jikin robar kafin ki tsinka, musamman gautan da za a ci ɗanye.

Sannan waɗanda suka riga suka tsufa a jikin itace ba asara ba ne, iri ne. Ki zaɓi uku ko huɗu daga itacen da ya fi lafiya da yawan 'ya'ya, ki bar su su nuna sarai, farin ya yi ja, mai shunayyar ya koma rawaya-rawaya. Ki yanka, ki murje tsokar a cikin ruwa, irin kirki zai nutse ƙasa, fanko ya taso. Ki tace, ki shanya a inuwa kamar mako guda kina motsawa don kada ya dunƙule, ki sa a takarda cikin kwalba mai murfi, ki rubuta shekarar. Yana kai shekara uku zuwa huɗu yana tsirowa. Amma in a fakiti kika sayi irin mai shunayyar kuma an rubuta F1 a jiki, wato irin da aka samar ta haɗa nau'i biyu, 'ya'yansa ba za su fito iri ɗaya da uwar ba, gara ki sayi sabo. Baɗi kuma ki raba shukar kashi biyu ko uku da tazarar mako uku zuwa huɗu, don kada su sake zubo miki rana ɗaya. Gidan mutum shida zuwa takwas, gindi goma sun ishe shi.